SHEHU MUHAMMADU AL-KATSINAWI, MALAMIN LISSAFIN DA YA KOYAR A MISIRA

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya hore wa ɗan Adam hankali, Ya sanar da shi ƙidaya da rubutu. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, kowace shekara idan sakamakon jarrabawar bakaloriya ya fito, akwai wata magana da kan taso a zaurukanmu da ƙofofin masallatanmu, nan Sabon Maci da sauran garuruwan da ke kan hanyar Maraɗi zuwa Dakoro. Yaro ya ci jarrabawa, ya zo ya durƙusa gaban mahaifinsa, ya ce yana son ya tafi jami'a ya karanci ilmin kwamfuta. Mahaifin nan shi ne wanda ya sayar da dammunan gero, wani lokaci har da ragon da ake kiwo, domin yaron ya gama lise. Saboda haka yana da haƙƙin ya tambaya. Shin wannan ilmi ne na gaske, ko kuwa latse-latsen waya ne aka sa wa suna? Shin ba kayan Turawa ne zalla ba, wanda ba mu da gadonsa? Shin ba zai kai yaro ga halaka ba?

Waɗannan tambayoyi ne masu nauyi, ba na raini ba. Mun ga ya dace mu amsa su da tarihin wani bawan Allah, ɗan ƙasar Katsina, wanda ya rasu a birnin Alƙahira a shekara ta 1154 bayan Hijira, daidai da 1741 Miladiyya. Bai taɓa ganin kwamfuta ba, domin sai bayan rasuwarsa da shekara ɗari biyu aka ƙera ta. Amma irin aikin da ya yi da tawada da alƙalami, shi ne ginshiƙin abin da ake koyarwa a ajin farko na wannan fanni.

ASALINSA DA ƘASARSA

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu. Littattafan Larabci suna ƙara masa da Al-Fullani, domin Bafillace ne, da Al-Kashnawi, wato Bakatsine, da Ad-Danrankawi, wato mutumin Ɗan Ranko, wani gari na ƙasar Katsina ta wancan zamani, da kuma As-Sudani, wato ɗan ƙasar baƙar fata. Mafi yawan abin da aka sani game da shi ya zo ne daga babban marubucin tarihin Misira, Abdurrahman Al-Jabarti, wanda ya rayu daga 1753 zuwa 1825, ya kuma sanya tarihin Malam a cikin littafinsa Aja'ibul Asar. Za mu ga dalilin da ya sa gidan Jabarti ya san shi ciki da bai.

Katsinar da Malam ya tashi a cikinta babbar cibiya ce ta fatauci da karatu. Ayarin raƙuma daga Agadas da bayan hamada suna sauka a cikinta da gishiri da tufafi da takarda da littattafai. Tun a ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Magili ya ratso ta, Imamu Suyuɗi kuma ya rubuto wa sarkinta wasiƙar nasiha daga Misira. A ƙarni na 17 ta fitar da waliyyan nan biyu da har yau ake ziyartar kabarinsu, Ɗan Marina da Ɗan Masani. Hasumiyar Gobarau tana nan tsaye tana shaidar wancan zamani.

Mu mutanen jihar Maraɗi ba baƙi ba ne ga wannan tarihi. Bayan da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, tsohon gidan sarautarta ya yo arewa ya zauna a Maraɗi, shi ya sa har yau ake kiran sarkin Maraɗi da Sarkin Katsina. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata a farkon ƙarni na 20, babu ita a zamanin Malam. Don haka idan muka ce namu ne, ba mu ari rigar kowa ba.

NEMAN ILMINSA

Jabarti ya lissafa manyan malamai huɗu da Malam ya yi karatu a wurinsu tun kafin ya bar ƙasar Sudan: Shehu Muhammadu Al-Wali na ƙasar Bagarmi, wadda take cikin Cadi a yau, shahararren malamin tauhidi, da Shehu Hashimu, da Shehu Muhammadu Fudu, da Shehu Muhammadu Bindu.

Abin lura a nan shi ne jerin yadda karatun ya tafi. Da harshe ya fara. Ya lizimci Shehu Muhammadu Fudu kimanin shekara huɗu, a gida da kan hanya, yana karantar nahawu da sarfu da adabi. Ya haddace Maƙamatul Hariri hadda mai ƙarfi, ta yadda idan aka ambaci kalma daga ciki, nan take zai kawo wadda ta gabace ta. Duk wanda ya taɓa hadda ya san cewa kawo abin da ke gaba sauƙi gare shi, komawa baya ita ce jarrabawa. Saboda wannan, malaminsa ya fara kiransa da mai Maƙamat. Da ya ƙware a nahawu kuwa, sai ya sauya masa laƙabi, ya riƙa kiransa Sibawaihi, sunan limamin malaman nahawun Larabci.

Bayan wannan tushe ya kafu, sai ya zauna gaban Shehu Muhammadu Bindu. A wurinsa ya karanci usulu da balaga da manɗiƙi, da Alfiyyar Iraƙi a ilmin hadisi, da littattafan aƙida na Imamu Sanusi. Ya saurari Sahihul Bukhari da babban kaso na Mukhtasar na Shehu Halilu. A wurinsa dai ya ɗauki ilmin hisabi, da ilmin mawaƙit, wato lissafin lokutan salla da tafiyar rana da wata, bisa tsarin malaman Magrib, da kuma ilmin haruffa da aufaƙ. Aufaƙ jam'in wafaƙi ne, shi ne abin da muka sani da hatimi.

Ashe ke nan mutumin da duniya ta sani a yau da lissafi, sai da ya zama malamin nahawu da fiƙihu da manɗiƙi tukuna. Bai ga wani bango tsakanin Mukhtasar da lissafi ba, malamansa ma ba su gani ba. Ta yaya za su gani, alhali rabon gado da fitar da zakka da sanin alƙibla duka ba su yiwuwa sai da lissafi?

TAFIYARSA ZUWA GABAS

Da karatu ya kankama, sai Malam ya ɗaura niyyar sauke farali. Tafiyar hajji a wancan zamani ba ta sa'a biyar cikin jirgin sama ba ce. Tafiya ce ta watanni, sau da yawa ta shekaru, a ƙasa da bisa raƙumi, mutum ya yi sallama da iyalinsa sallamar wanda ba lalle ya dawo ba. Malam ya mai da hanyar makaranta. Ya ratsa masarautu da dama, yana ganawa da sarakunansu da malamansu. A ƙasar Barno kaɗai ya tsaya wata biyar gaban wani malami yana ƙarin karatu, duk da cewa shi ma a lokacin ya isa a zauna gabansa.

Ya yi aikin hajji a 1142 bayan Hijira, wato 1730, ya kuma zauna a Makka na wani lokaci. A can ya fara rubuta littafinsa Ad-Durrul Manzum, wanda ya kammala a Misira cikin watan Rajab na 1146. A tsakanin waɗannan shekaru, wajejen 1145, wato 1732, ya rubuta Bahjatul Afaƙ, littafinsa a kan haruffa da hatimai, wanda shi ne masana lissafi na zamaninmu suka fi mai da hankali a kansa. Yana da waƙe a ilmin manɗiƙi mai suna Manhul Ƙuddus, wanda ya yi wa sharhi mai faɗi da kansa ya kira shi Izalatul Ubus. A nahawu kuma yana da Bulugul Arab.

A Alƙahira ya fara zama a unguwar Darbul Atrak, kusa da masallacin Azhar. Ya kuma haɗu da Shehu Hasan Al-Jabarti, mahaifin marubucin tarihin da muka ambata. Shehu Hasan ba ƙaramin mutum ba ne. Malamin fiƙihun Hanafiyya ne, kuma yana cikin waɗanda suka fi kowa sanin ilmin falaki da lissafi da ma'aunai a Misira ta wancan ƙarni. Wannan malami, a birnin Azhar, shi ne ya zauna ya ɗauki ilmin aufaƙ a wurin baƙon da ya fito daga ƙasar Hausa. Mun saba jin cewa mu ne masu zuwa Misira ɗaukar karatu, kuma gaskiya ne. To ga wanda ya je ya bayar.

MENE NE AIKIN DA YA YI?

Domin mai karatu ya gane da kansa, bari mu ajiye labari mu ɗauki allo. Hatimi a wurin masu lissafi shi ne a zana gidaje, tsaye da kwance adadinsu ɗaya, a zuba lambobi daga 1 zuwa ƙarshe ba tare da maimaita ko ɗaya ba, ta yadda duk layin da aka tara, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, jimla ɗaya zai bayar. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida uku-uku:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Ko ta ina ka tara, 15 za ka samu. Wannan yaro ma zai iya gano shi da gwaji. Amma idan gidajen suka zama biyar-biyar, jimlar kowane layi dole ta zama 65. Idan bakwai-bakwai ne, 175. Idan tara-tara ne, 369. A nan gwaji ba ya kai mutum ko'ina, ko da zai shekara yana gogewa yana sakewa. Abin da ake bukata shi ne ƙa'ida: jerin umarni, ɗaya bayan ɗaya, wanda duk wanda ya bi shi zai isa, ko ya san dalili ko bai sani ba. Irin waɗannan ƙa'idoji ne Malam ya tattara ya tsara ya bayyana, musamman ga hatimai masu adadin wutiri, wato uku, biyar, bakwai, har abin da ya yi sama.

Ga misalin irin ƙa'idojin da malaman wannan fanni suka sani, mun tsara shi da kalmominmu. Sukan kira shi tafiyar doki, domin haka doki yake tsalle a wasan darar Larabawa da Farisawa da ake kira shaɗaranji. Zana gida biyar-biyar. Na farko, sa 1 a tsakiyar layin sama. Na biyu, daga inda kake, hau gida biyu sama, ka matsa gida ɗaya dama, ka sa lamba ta gaba. Na uku, idan tsallen ya fitar da kai ta sama, shigo ta ƙasa. Idan ya fitar da kai ta dama, shigo ta hagu, kamar an naɗe allon bakinsa ya haɗu da baki. Na huɗu, idan ka tarar gidan da za ka sauka da lamba a ciki, kada ka yi tsallen, sauko gida ɗaya ƙasa da inda kake ka sa lambar a nan. Ci gaba da haka har ka kai 25. Ga abin da zai fito:

10 18 1 14 22
11 24 7 20 3
17 5 13 21 9
23 6 19 2 15
4 12 25 8 16

Muna roƙon mai karatu ya gwada da hannunsa, ko a takarda ko a rairayin tsakar gida, ya tara ya gani. Idan ya yi haka, to ya ɗanɗani ainihin ilmin kwamfuta, domin wannan jerin umarni huɗu shi ne abin da ake kira algoritim a jami'a. A cikinsa akwai mafari, akwai aikin da ake maimaitawa, akwai sharaɗi na idan kaza ya faru a yi kaza, akwai kuma wurin tsayawa. Duk manhajar da ke cikin waya ko kwamfuta, komai girmanta, da waɗannan tubala aka gina ta. Na'urar ba ta da hankali ko na ƙwayar gero. Abin da ta fi mu da shi sauri ne da rashin gajiya. Mai hankalin shi ne wanda ya zauna ya tsara mata umarnin, bai bar wata kafa da za ta ɓace ba. Har yau gina hatimi mai adadin wutiri yana cikin darussan gwaji da akan ba masu fara koyon rubuta wa na'ura umarni.

Ita kanta kalmar algoritim daga sunan Musulmi ta fito, wato Muhammadu ɗan Musa Al-Khawarizmi, wanda ya yi aiki a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, ya rubuta littafin aljabara wajejen shekara ta 820, babban kaso na littafin kuwa a kan lissafin gado da wasiyya yake. Da aka juya littattafansa zuwa Latin, sai Turawa suka riƙa kiran hanyar lissafi da sunansa, har ya zama sunan fannin.

Naɗe allo da muka yi a umarni na uku, shi ma babi ne mai zaman kansa. Shi ne lissafin da muke yi idan muka ce yau Juma'a, nan da kwana goma Litinin ce: an zagaye bakwai, saura uku. Wannan lissafin zagaye, wanda Bajamushe Gauss ya tsara a littafinsa na 1801, a kansa aka gina wata shahararriyar hanyar kulle saƙo a 1977, irin kullewar da ke tsare sirrin mutane da dukiyarsu a intanet. Haka kuma bai wa kowane harafi lamba, wanda almajiranmu suka sani a abajada, inda alif yake 1, ba take 2, jim yake 3. Kwamfuta ma ba ta san harafi ba sai ta lamba: a tsarin da aka fitar a Amurka a 1963, babban harafin A lambarsa 65. Manɗiƙin da Malam ya yi wa waƙe da sharhi kuwa, shi ne Baturen Ingila George Boole ya mayar lissafi a 1854, daga baya Claude Shannon ya nuna a 1937 cewa ana iya gina shi da makunnan lantarki, a kunne ko a kashe, 1 ko 0. Daga nan hanya ta buɗe zuwa kwamfutocin farko na wajejen 1945.

Ba muna cewa Malam ne ya ƙirƙiro kwamfuta ba, kuma ba mu son a ɗauki wannan magana daga bakinmu. Ilmin hatimi ya girme shi da ƙarnuka, an san shi a Sin da Indiya da Bagadaza. Abin da muke cewa shi ne, kogin da kwamfuta ta sha ruwansa ya ratso ta ƙasarmu, kuma namu ya yi iyo a cikinsa har manyan Misira suka shaida. Don a ga zurfin kogin: hatimi mai gida uku-uku iri ɗaya ne tak idan ba a ƙirga juye-juyensa ba, mai huɗu-huɗu iri 880 ne, mai biyar-biyar kuwa ba a san adadinsa ba sai a 1973, lokacin da aka sa kwamfuta ta ƙirga, ta samu 275,305,224.

HISABI IRI BIYU

A nan wajibi ne mu faɗi gaskiya, domin amana ce. Littafinsa Ad-Durrul Manzum a kan ɗalasimai da taurari yake, kuma ya karanci ilmin ramli a hanyarsa. A zamaninsa, daga Katsina har Alƙahira, lissafi da falaki da waɗannan fannoni a cakuɗe suke, manyan malamai da yawa suna karanta su tare, wasu kuma suna inkarinsu. A harshenmu ma kalmar hisabi tana ɗaukar ma'ana biyu, lissafi da kuma duba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa shekara goma sha uku bayan rasuwar Malam, ya yi rubutu mai zafi a kan masu da'awar sanin gaibu ta hanyar zane a ƙasa ko duban taurari. Mu a kan wannan muke: gaibu na Allah ne Shi kaɗai, lamba ba ta amfanarwa ba ta cutarwa. Malam ya tafi ga Ubangijinsa, Shi ne Masanin niyyarsa, muna roƙa masa gafara kamar yadda muke roƙa wa kanmu.

Amma a duba abin da zamani ya tace. Da aka sheƙe aikinsa, ƙaiƙayi ya tafi, tsaba ta zauna. Ƙa'idar da ke bayar da 65 ta bayar da 65 a 1732, tana bayarwa a yau, ko a hannun Musulmi ko a hannun wanda ba Musulmi ba. Saboda wannan tsaba ne wata malamar lissafi ta Amurka, Claudia Zaslavsky, ta ba shi wuri a littafinta na 1973 a kan lissafin mutanen Afirka, masana suka ci gaba da nazarin hanyoyinsa.

Wannan rabuwa tsakanin tsaba da ƙaiƙayi tana nan a ilmin kwamfuta, kuma ita ce amsar tambayar mahaifin da ke tsoron halaka. Da ilmi ɗaya ake tsara rajistar marasa lafiya a asibiti, da lissafin albashin ma'aikata, da hasashen saukar damina, da aika kuɗi ta waya daga ɗan ci-rani zuwa ga mahaifiyarsa. Da shi ɗin dai ake damfarar mutane, a kwashe musu ajiya, a tona asirinsu, a yaɗa ƙarya. Wuƙa ɗaya ce a hannun mahauci da ɗan fashi. Tsoron mahaifi yana da tushe, sai dai maganinsa tarbiyya ce da ake yi tun kafin yaro ya bar gida.

RASUWARSA

A ƙarshen rayuwarsa Malam ya koma gidan almajirinsa kuma amininsa Shehu Hasan Al-Jabarti. A gidan ne Allah Ya karɓi ransa a 1154 bayan Hijira. Kafin ya cika, ya sanya Shehu Hasan wasiyyi a kan abin da ya bari da littattafansa. Shehu Hasan ya binne shi a Bustanul Ulama, wato makwancin malamai a maƙabartar Mujawirin, ya sa aka rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa a kan kabarin. Bayan shekara goma sha biyu aka haifi Abdurrahman, ya tashi yana jin labarin baƙon mahaifinsa, har ya girma ya rubuta shi. Ba don wannan amana ta uba da ɗa ba, da abin da muka sani game da Malam bai kai cikin cokali ba. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya, Ya haskaka kabarinsu.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA

Ga iyaye, muna cewa: ilmin kwamfuta ilmi ne na gaske, ɗan'uwan lissafin gado ne da manɗiƙi, kuma muna da gado a cikinsa. Idan yaro ko yarinya suka nuna ƙwazo a lissafi, suka sami gurbi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, ko Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, ko ta Doso, ko a Katsina da Kano da Zariya, a sa musu albarka. A tambaye su abin da suke karantawa, a sa su bayyana shi da Hausa. Wanda ya gane karatunsa zai iya fahimtar da kakarsa.

Ga ɗalibai, muna tunatar da ku jerin karatun Malam. Shekara huɗu ya yi a kan harshe kafin ya taɓa hisabi. Wanda ya shiga wannan fanni yana zaton zai wuni yana latsa na'ura, zai tarar da aljabara da manɗiƙi da tsarin algoritim suna jiransa tun shekarar farko ta lisansi, kafin ya kai ga rumbun bayanai da haɗa na'urori. Harsunan rubuta umarni, irin su C da Java da Python, kowane da nahawunsa, kuma na'ura ba ta yafe lahani: waƙafi ɗaya ya ɓace, aiki ya tsaya. Wanda ya sha wuyar hadda a makarantar allo, ya saba da gyaran wasali da ɗigo, ya riga ya sami rabin horon. Kada rashin kwamfuta ta kanka ya karya maka gwiwa a farko. Za ka bukace ta, kuma ya kamata dangi su taimaka, amma algoritim a takarda ake fara tsara shi, kamar yadda muka yi a sama. Malam da kansa ya gargaɗi mai koyon wannan fanni da kada ya yanke ƙauna idan aiki ya ƙi, ya nuna masa cewa sakin aiki tun ba a kai ba jahilci ne, kuma nasara ta mai naci ce.

Darasi na ƙarshe shi ne mafi ɗaci. Littattafan Malam a Misira suka zauna. Kwafin rubutunsa na hannu suna ɗakunan ajiya na Alƙahira da Landan, alhali a Katsina da Maraɗi mutum zai tambayi masallaci guda bai sami wanda ya taɓa jin sunansa ba. Dalili ɗaya shi ne nisa da ajali, wannan ba laifin kowa ba ne. Dalili na biyu kuwa, masu wannan fanni a wancan zamani sun ɗauke shi sirri, suna yi wa almajiri wasiyya da ɓoyewa. Sai ɓangaren laya ya yaɗu a hannun masu neman abin duniya, ɓangaren lissafi ya ƙafe. Ilmin da aka rufe a tukunya ba ya haihuwa.

Saboda haka muna kira ga duk ɗanmu da Allah Ya ba wannan ilmi, ko aiki ya kai shi Yamai ko Abuja ko bayan teku, kada ya bar garinsu da labari kawai. Idan ya zo hutu, ya tara ƙannensa ya koya musu abin da ya samu, ko da hatimin biyar-biyar ne a kan rairayi. Ya duba abin da ke damun manomi da makiyayi da ɗan kasuwar garinsu, ya ga ko akwai wanda iliminsa zai sauƙaƙa. Ya rubuta da Hausa, domin na baya su tarar.

Allah Ya gafarta wa Shehu Muhammadu Al-Katsinawi da malamansa da malamanmu. Allah Ya ba ƴaƴanmu ilmi mai amfani, Ya tsare su daga wanda ba ya amfani, Ya sa su zama sanyin idon iyayensu. Amin.